Maganin da Kake Nema Shi Ya Cinye Mini Murya

Ka ce an sa ku ajin kiɗa da waƙa a makaranta, malamin ya ji muryarka ya jefa ka cikin ƙungiyar mawaƙa, kuma kwanan nan duk ranar da kuka yi gwaji sai ka wayi gari murya a dishe. Saura kwana 10 taron ƙarshen zango, an ba ka baiti kai kaɗai, kana so in faɗa maka maganin da za ka sha ta buɗe. Har ka ƙara da cewa ajin ma ɓata lokaci ne tunda kana koyo a wurina, malamin ba abin da yake muku sai zane-zane a allo.

Ɗana, da wani ne ya tambaye ni, da na ce masa ya sha ruwa ya rufe bakinsa, shi ke nan. Amma kalmar nan ta "magani" ta fama mini tsohon miki, don haka nemi wuri ka zauna.

Ina da shekara 29 lokacin, murya tana kan ganiyarta. Akwai wani hawa da nake yi a ƙarshen waƙa, in ɗauke ta can sama in riƙe, 'yan amshi su zagayo sau biyu ban sauke ba. Da shi aka san ni, saboda shi ake kirana. Sai ga wani mai shirya taro, ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa, ya ɗauke mu dare uku a jere a wani makeken fili da babu rufi. Ya ba da kafin alƙalami kashi ɗaya cikin uku, ya ce ciko sai an tashi. Na ce masa sharaɗina guda ne: a ajiye mini ƙaramar lasifika a gabana, mai fuskantata, wadda za ta riƙa maido mini da muryata. Ya dafa ƙirji ya ce an gama. Takarda ko ta ƙunshe allura ba mu rubuta ba, don a lokacin gani nake neman takarda raini ne ga mutum irina.

Daren farko na hau dandamali, babu lasifikar. Manyan duk sun ba ni baya suna kallon jama'a, janareta kuma yana ruri a bayan kaina. Na aika a tambaye shi, ya ce tana hanya. Har yau tana hanya.

Mawaƙin da ba ya jin kansa ƙara ƙarfi yake yi bai sani ba, ba don ganganci ba, haka jikin ɗan Adam yake. Wani likita Bafaranshe, Étienne Lombard, ya rubuta a kan wannan tun 1911: da zarar hayaniya ta toshe wa mutum kunne sai ya ɗaga murya ba da shawararsa ba. Ni ban san da wani Lombard ba a daren nan. Abin da na sani jijiyoyin wuyana sun miƙe kamar igiyar shanya.

Ga kuma ta biyu, wadda ita ce ta shafi ajinka. Mai fiyanon ba nawa ba ne, na mai taron ne, ya kuma ɗauko waƙoƙina sama da inda na saba. Jikina ya gaya mini tun a baitin farko. Da aka ɗan sarara na matsa kusa da shi na ce, "Sauke mini ita kaɗan." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Zuwa wane kii?" Yaro ne, bai fi shekara 20 ba. Ni da sunana, da jama'ata, na tsaya kamar gunki, ban san amsar ba. Ban san sunan matakin da nake waƙa a kansa ba, ban taɓa sani ba, makaɗana ne suka san ni suke bina. Na ga yana murmushi, sai girman kai ya ɗebe ni na ce masa ya bar ta a nan, ba abin da zai gagare ni. Kalma ɗaya ce da na iya faɗa a daren nan da yau labarin ya bambanta. Ita ce zane-zanen da kake rainawa a allo.

Washegari na tashi da mura, maƙogwaro kamar an zuba yashi. Na ce wa mutumin ba zan iya hawa ba. Nan ya nuna mini shi tsohon hannu ne. Bai yi faɗa ba. Ya shiga motarsa ya fito da asfirin, da alewa mai yaji-yajin sanyi, da wata 'yar kwalba da ake fesawa a maƙoshi, ya ce manyan mawaƙa da ita suke aiki. Na fesa. Kafin minti biyar zafi ya ɗauke ɗif, har na yi masa godiya. Ka ji, godiya na yi masa! Na yi dare na biyu lafiya a ganina. Abin da ban gane ba, zafin nan shi ne mai gadin da ke cewa tsaya, ni kuma na ɗaure mai gadi na bar ƙofa a buɗe.

Dare na uku, waƙa ta huɗu, na ɗauki hawan nan nawa. Ina tsakiyarsa murya ta yanke kamar an tsinke zare. Ba zafi, ba komai. Na buɗe baki, iska ce kawai ke fita. 'Yan amshi suka rufa mini asiri suka yi ta maimaitawa, ni ina tsaye da makirufo a hannu ina motsa leɓe.

Da safe na je karɓar ciko. Ya ce wane ciko, ai dare uku muka yi magana, ni kuwa biyu da rabi na yi, mutunci ne ma ya hana shi neman a maido masa wani abu. Ɗana, ka taɓa tsayawa gaban wanda ya cuce ka babu muryar da za ka yi masa gardama da ita? Na karɓi biro a hannun direbansa na rubuta a bayan ambulan, "Ina lasifikar da ka yi alkawari?" Ya karanta, ya ninke ambulan ɗin gida huɗu, ya sa mini a aljihun gaba, ya ɗan bubbuga wurin, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Babur ɗina na sayar na sallami makaɗa da 'yan amshi, don su sun yi aikinsu.

To har a nan ban yi hankali ba. Mako uku ina ta zuma da jiƙe-jiƙen da kowa ya kawo, kullum da safe ina gwada hawan nan in ga ko ya dawo. Sai da na ga uwar bari na je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya zura abin dubawa ya ce in ce "iii". Ya gama ya zauna ya zana mini a takarda. A cikin maƙogwaro akwai 'yan tsoka biyu masu laushi da ke fuskantar juna kamar leɓɓa, su ne igiyoyin murya. A jikin babban namiji tsawonsu bai wuce santimita 2 zuwa 2 da rabi ba, gaɓar yatsa ke nan, na mace ma bai kai haka ba. Iskar da ke fitowa daga huhu ita ke kaɗa su. In namiji na magana suna haɗuwa su rabu sama da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, in ka hau sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi kuwa, sau 440 ne. Ya ce wata siririyar jijiyar jini ce ta fashe a ta hagu, asfirin kuma yana tsinka jini, ya ƙara wa wuta fetur. Da na yi shiru tsit na mako guda tun daren da abin ya faru, da wataƙila jinin ya janye da kansa. Amma na yi ta goga ciwo a kan ciwo har ya bar tabo.

Murya ta dawo bayan watanni, na ci abinci da ita shekaru, har yau ba na jin tsoron kowa a ƙasa da tsakiya. Hawan nan dai ya tafi. Lokacin da na ji labarin Adele, mawaƙiyar Ingila, a 2011, cewa jini ya zubo mata a igiyar murya ta soke wasanninta aka yi mata aiki a Boston, ta yi makonni ba ta magana, sai na ce ita ta sami mai ce mata tsaya. Ni mai 'yar kwalba na samu.

Saboda haka ka cire maganar magani a ranka. Duk abin da ka haɗiya ba ya bi ta kan igiyoyin nan, akwai murfin da ke rufe hanyar iska in za ka haɗiya, in ɗigo ɗaya ya kuskure ya shiga ai ƙwarewa za ka yi. Ruwa ma sai ya shiga jiki ya zagaya kafin ya jiƙa su, don haka wanda ya bari sai zai hau dandamali ya kwankwaɗi gora guda ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya. Tururin ruwan zafi shi ne ke isa wurin, don da numfashi yake shiga.

Kai kuma matsalarka ma ba irin tawa ba ce, na ji ta tun da ka yi sallama. Shekararka 14. Maƙogwaronka girma yake, dubi zakaran wuyanka a madubi. Igiyoyin suna ƙara tsawo da kauri, muryar yaro namiji kuwa a wannan tsakani takan sauka kusan hawa takwas, daga do na sama zuwa do na ƙasa. Malaminka ya ajiye ka a layin masu siririyar murya bisa muryar da ya ji a zangon da ya wuce, kai kuma kunya ta hana ka cewa ba ka kaiwa, sai ka riƙa matse wuya kana turawa. Shi ne dishewar. Gobe ka same shi kafin a shiga aji, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya zauna a fiyano ya bi da kai mataki-mataki, ya nemo sautinka mafi ƙasa da mafi sama da kake kaiwa ba tare da wuya ya miƙe ba. Ka rubuta sunayensu a bangon littafinka da kwanan wata. Bayan wata uku ku sake, don za su motsa. Baitin da aka ba ka, ko a sauke maka shi ko a ba wani. Taron ƙarshen zango ne, wani zango na zuwa.

Do, re, mi ɗin da kuke hamma a kai, asalinsu daga wani malamin coci ne a Italiya, Guido na Arezzo, kusan shekara 1,000 da suka wuce, don yara su daina dogara da kunne kaɗai. Wanda ya fara leƙa igiyoyin muryarsa suna aiki ma malamin waƙa ne, Manuel García ɗan Sifaniya, a 1854, da 'yar madubin likitan haƙori da hasken rana. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Abin da zan ba ka daban, abin da aji zai ba ka daban. Ni zan koya maka yadda ake riƙe jama'a, ajin zai ba ka bakin da za ka yi magana da makaɗin da bai san ka ba. Ni sai da na haura 40 na zauna gaban sa'an ƙanena ya koya mini karatun sauti, ina gumi kamar ɗan aji ɗaya.

Maganar numfashi daga ciki, tsayuwa, da ɗumama murya da gunji da kaɗa leɓe kafin a fara, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda bai san wannan ba me ya kawo shi waƙa?

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, ba a wurin waƙa kuke kashe murya ba. Ku kwana kuna ihu a kan ƙwallon da ake bugawa a wata duniya, ku toshe kunne da abin sauraro kuna magana kamar masu kiran wanda ke hayin kogi, wasunku har da shisha, wai ƙamshi ce kawai. Hayaƙi hayaƙi ne, ta kan igiyoyin nan yake wucewa shiga da fita. Ku cika ciki da tsakar dare ku kwanta nan take, tsamin ciki ya taso ya ƙona maƙoshi, da safe a ce sammu aka yi. Sannan a shiga situdiyo kwamfuta ta miƙe duk inda murya ta karkace, yaro ya fito yana tafiya da kafaɗa. A ɗauke wuta a ce ya yi baiti ɗaya mu ji.

Kuma daina wannan kakin da gyaran muryar da kake ta yi tun da ka zauna, kowanne buga igiyoyin yake da juna, ka kurɓi ruwa ka haɗiye. Raɗa ma ba hutu ba ce, matsewa ce, in dole ne ka yi magana yi ta a hankali da muryarka ta gaskiya. Dishewar da ta wuce mako biyu ba tawa ba ce, ta likita ce. In kuwa wata rana kana cikin waƙa ta yanke farat ɗaya, ko wa ya biya kuɗi ka ajiye makirufo ka sauka.

Mai shirya taron nan kuwa mun haɗu bara a wani taro, ya tsufa, ya miƙo mini hannu biyu yana cewa ina hawan nan naka na da. Na gaisa da shi. Ambulan ɗin yana cikin akwatina, a ninke yadda ya ninke shi.

Tashi ka tafi. Yau da gobe babu waƙa in ban da awon muryar da malamin zai yi maka a fiyano, babu kallon ƙwallo. Ranar Asabar ka zo mini da littafin in ga abin da malamin ya rubuta, kuma kar ka gaishe ni da baki, ɗaga hannu ya isa.