Laifin Sarki Lear ne ko na 'ya'yansa?

Malama, kin tambaya ko a wasan kwaikwayon King Lear na Shakespeare, wanda aka nuna a fadar Ingila a 1606, uba ne ya ɓata ko 'ya'ya. A ganina daga uban ɓarakar ta fara.

Lear ya tsufa, zai raba mulki tsakanin 'ya'yansa mata uku, amma sai kowacce ta faɗi irin son da take masa a gaban fadawa. Goneril da Regan suka cika shi da daɗin baki. Auta Cordelia ta ce tana sonsa daidai yadda ya wajaba a kan 'ya, ba ƙari ba ragi. Nan take ya cire ta daga 'ya'yansa, ya hana ta rabonta. Wannan wurin yana min ciwo, domin ita ce ta dawo daga Faransa da runduna don ta cece shi, aka rataye ta, ya mutu a kan gawarta.

Ba na wanke yayyenta. Rufe wa tsoho ƙofa ana ruwa da iska zalunci ne. Amma dubi Gloucester ma, wani babban bafaden Lear: ya yi wa ɗansa Edmund ba'ar haihuwarsa ba da aure ba a gabansa, sannan ya gaskata wasiƙar jabu da Edmund ya ƙirƙira ya sa a farauci ɗaya ɗan nasa Edgar, ɗan da ya zama ɗan jagoransa bayan an ƙwaƙule wa uban idanu.