Tambayi Bakanike: An nemi digiri 25, kamshaf ya tsaya a 6

Tambaya: Oga, barka da aiki. Ina jan Corolla ƙirar 2010 tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi. Wutar cek ta kama, motar kuma ta yi nauyi, musamman in na zo wuce tirela. Yaron da ya saka mata kwamfuta ya ce lambar matsalar P0012 ce, ya sa na sayi sabuwar sensar kamshaf. Kwana biyu wutar ta dawo. Na ga lambobi biyu a allon sikanarsa lokacin da muke tafiya, ɗaya 25, ɗaya 6. Me suke nufi? Yanzu kuma sarƙar taimin yake cewa in canza.
Wani direba daga Mabera

Amsa: Malam direba, riƙe kuɗin sarƙarka tukuna. Sensar da aka cire ma, in tana nan, ajiye ta, don da alama lafiyarta ƙalau. Ita ce ta kawo rahoton, aka kama ta da laifi.

Injinka yana da tsarin VVT-i, wato ƙwaƙwalwar motar tana matsar da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, gaba ko baya gwargwadon taka totur da gudun inji, don bawul-bawul su buɗe da wuri ko a makare. Lamba 25 ita ce digirin da ƙwaƙwalwa ta nemi kamshaf ya matsa, 6 kuma inda kamshaf ya iya kaiwa. P0012 cewa take yi kamshaf na shan iska ya makara. Da gaba ya wuce ya ƙi dawowa, P0011 za ka gani.

To me ke tura shi? Baƙin mai. Akwai wani ɗan bawul mai waya biyu a kan inji, shi ke buɗe wa mai hanya ya shiga giyar kamshaf ya murza ta, kuma kafinsa akwai 'yar rariya ƙarama ƙwarai. Ka haɗa zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da juyen da ake jinkirtawa sai mai ya koma kamar kunun kanwa. Rariyar nan ce ke fara toshewa. Ga kuma al'adarmu ta ɗura mai mai kauri irin 20W-50 a kowace mota wai don gari da zafi, alhali littafin wannan injin siririn mai yake nema, irin 5W-20. Ni dai ban yarda da wannan al'adar ba a injin da mai ke juya masa taimin.

Ka koma wurin yaron, amma sai inji ya yi zafi sosai. A silo, wato mota tana tsaye inji yana aiki, lambobin biyu su zauna kusa da sifili. Ku hau titi, kai kana tuƙi shi yana kallon allo. In ta farko ta tashi, ta biyu ta bi ta nan take. Tazarar digiri biyu ko uku ba komai ba ce. In ta haura biyar ta zauna a haka, ko ta biyun tana jan ƙafa, matsalar tana hanyar mai. Ku lura da abu ɗaya: wasu manhajoji suna nuna lambar farko da kashi cikin ɗari, ta biyu da digiri, kuma waɗannan ba a auna su da juna.

In sikanar mai kyau ce, tana iya kunna bawul ɗin man da kanta a silo. Inji ya yi rawa ko ya mutu, to mai yana isa, giya tana motsi. Bai ko girgiza ba, a ciro bawul da rariya a wanke, a yi juye da man da ya dace da sabuwar filta, a goge lambar, a sake hawa titi. In har yanzu 6 ɗin ce, a auna ƙarfin bugun mai kafin a taɓa giyar.

Sarƙa alamarta daban. Yawanci P0016 take kawowa, wato lissafin kirankshaf (sandar da fistin ke juyawa) da na kamshaf bai zo ɗaya ba, kuma kuskuren yana nan daram tun daga tayar da mota, ko mai ya yi zafi ko bai yi ba. Sau da yawa har da ƙarar kacau-kacau da safe. A wasiƙarka ban ga ko ɗaya ba.

Tambaya: Bayan an yi mini aikin gasket, mota tana tashi da ƙyar, kwamfuta ta nuna P0016. Bakanike ya ce a goge lambar kawai, za ta daidaita.
Wata malamar makaranta daga Runjin Sambo

Amsa: Hajiya, ba za ta daidaita ba. Mai yiwuwa an mayar da sarƙa da kuskuren haƙori ɗaya. Kirankshaf yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya, don haka a giya mai haƙora 36, haƙori guda digiri 10 ne a kamshaf, 20 a kirankshaf. Ki mayar masa ya buɗe ya daidaita makin taimin, kuma aikinsa ne, kada ki biya sau biyu.