Ina son in auri wadda nake rubuta sunanta a jerin masu karɓar tallafi

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ma'aikacin walwalar jama'a ne a wata ƙungiya a Maiduguri, muna kula da matan da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Akwai wata bazawara mai yara 2 da fayil ɗinta ke hannuna, wallahi ta kwanta min a rai kuma aure nake nufi ba wasa ba. Abokin aikina ya ce zan iya rasa aikina. To aure laifi ne? Daga wani ƙaninki.

Amsa: Ƙanena, aure ba laifi ba ne, kuma na yarda da niyyarka. Amma tsaya ka duba ta ɓangarenta. Kai ne kake rubuta sunanta, kai ne kake cewa ta cancanci katin abinci ko kuɗin jari, kai ka san inda ta kwana da abin da ya same ta a hanyar gudu saboda ta faɗa maka a matsayin amana, to yau in ka ce kana sonta ta ina za ta iya cewa a'a? Idan baki ya ci ido kan ji kunya. Ko da ta amsa da murmushi ba za ka taɓa sanin ko kai take so ko tsoron a cire sunanta take yi ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Abokinka bai yi ƙarya ba. A 2002 an bankaɗo yadda wasu ma'aikatan agaji ke lalata da 'yan mata a sansanonin 'yan gudun hijira na Gini da Laberiya da Saliyo suna ba su abinci a madadi, shi ya sa a 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'ida da ta haramta musayar tallafi da kwanciya, ta haramta kusantar duk wadda ba ta kai shekara 18 ba, ta kuma yi kashedi mai ƙarfi kan soyayya tsakanin ma'aikaci da mai karɓar agaji. Ƙungiyoyi da yawa sun fi haka tsanantawa, je ka sake karanta takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka aiki.

Kar ka furta mata komai yanzu. Daina kiranta da lambarka, daina ƙara mata ɗan abu daga aljihunka, sauran matan suna gani fa kuma ita za su yi wa gori. Ka samu ogan ka ka faɗa masa gaskiya, a miƙa fayil ɗinta ga wata ma'aikaciya ba tare da an taɓa tallafinta ba. In ƙa'idar wurin aikinku ta ba da dama bayan ta fita daga shirin, sai ka tura manyanka wajen waliyyinta. In kuma ƙa'idar ta hana, sai ka zaɓa tsakanin aikin da auren, ita dai kada a bar ta da asara.