Tambaya da Amsa: Fayil guda don kwamfutoci da yawa

Tambaya: Malam, ina kula da kwamfutocin wata makaranta a Sakkwato, kuma na gaji da maimaita umarni ɗaya a kowane rubutun Bash, wato harshen da ake rubuta umarnin kwamfuta da shi a Linux. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, ka tattara ayyukan da kake maimaitawa, kamar tantance adireshin IP, a fayil guda, sannan kowane rubutu ya jawo shi da alamar ɗigo. Na fi son ɗigo a kan umarnin source, wanda aikinsu ɗaya ne a Bash, domin a Ubuntu, wani nau'in Linux, manhajar /bin/sh mai gudanar da rubutu Dash ce ba Bash ba, Dash kuwa bai san source ba. Kuskure ɗaya a wannan fayil zai shafi dukkan kwamfutocin, saboda haka ka duba shi da ShellCheck, manhajar gano kurakurai a irin wannan rubutu, kafin rarrabawa, musamman wurin da rm, umarnin goge fayil, zai karɓi sunan da mutum ya shigar, wanda zai iya zuwa babu komai a ciki.