Tambaya da Amsa: Ƙofar ɗaki ba ta son wanka

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan ƙofofin cikin gida, daga masu karatunmu na Jidda, Makka, Madina, Riyad da Jizan. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗa masu kama da juna.

Assalamu alaikum. Ƙofar banɗakinmu da ta ɗakin yara sun kumbura daga ƙasa, fatar jikinsu tana ɓarewa kamar ɓawon albasa, alhali shekararmu biyu kacal a gidan. Maigida ya ce laimar Jidda ce. Haka ne? (Wata uwargida, Jidda)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Laimar teku tana da nata kason, amma da ita kaɗai ce, da ƙofar ta kumbura gaba ɗaya, ta riƙa cijewa a firam. Kumburin da ya tsaya daga ƙasa aikin ruwan wankin tayil ne. Galibin gidajenmu a nan, idan za a yi wanki sai a kwara ruwa a ƙasa, a bi da abin jan ruwa, ruwan kuma ya ratsa ta ƙarƙashin kowace ƙofa.

Yawancin ƙofofin gidajen haya ba katako zalla ba ne, MDF ne, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka danne shi ya zama allo, sannan aka lulluɓe fuskarsa da leda ko fenti. Fuskar ba ta shan ruwa. Matsalar tana bakin ƙyauren na ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, domin sau da yawa a tsirara ake barinsa ba fenti. Ki shimfiɗa ƙaramin madubi a ƙarƙashin ƙofar ki leƙa, za ki ga abin da muke nufi. MDF yana tsotsar ruwa yadda burodi yake tsotsar shayi, kuma in ya kumbura ba ya komawa. Katako zalla shi ne yake kumbura ya sace in ya bushe.

Idan kumburin bai haura faɗin yatsa biyu ba, kuma in kin danna da farce kin ji da tauri, ƙofar za ta gyaru. A kwance ta daga pata, a kwantar da ita a kan kujeru biyu cikin inuwa inda iska take kaɗawa, kwana 3 zuwa 4. Kada a kai ta rana don a yi sauri, zafin ranar Jidda zai lanƙwasa ta, gam ɗin ledar ya saki. In ta bushe, a goge tudun da samfefa lamba 120 har ya daidaita, a bi da lamba 220. Ledar da ta ɓare a shafa mata gam ɗin katako, a danne da abu mai nauyi ta kwana. Daga nan a shafe bakin ƙasa da na sama da fenti mai mai ko banish, hannu biyu zuwa uku, ana barin kowane hannu ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Fentin ruwa bai dace da hannun farko ba, domin ruwan cikinsa zai sake tayar da garin.

Kafin a mayar, a auna tazarar da ke tsakanin ƙyauren da tayil. Santimita 1 shi ne daidai. In bai kai ba, kafinta ya rage ƙasan kafin a shafa fentin, ba bayan an shafa ba. Ƙafafun firam ɗin ma suna tsaye ne a cikin ruwan, don haka a zagaye su da silikon inda suka haɗu da tayil.

Amma idan ƙasan ya yi laushi yana marmashewa, kada ki zuba kuɗi a gyara. Ta banɗaki a sauya ta da ta WPC, wadda ake yi da garin katako haɗe da roba, ko ta alminiyam. Mu dai ba ma ganin hikimar saka MDF a bakin banɗaki ko da wane irin fenti aka yi masa. Sannan a sauya hannu wajen wanki: a riƙa jan ruwa ana nesa da ƙofa, a goge gindinta da busasshen tsumma in an gama, a bar fankar banɗaki tana aiki kamar minti 15 bayan wanka, kuma a hana yara fesa shaɗɗaf, wato mesar ruwan tsarki, a bayan ƙyaure.

Ƙofofina farare ne, amma sun koma ruwan ƙwai, suna danƙo, musamman daga sama. Kullum ina turaren wuta. Na goge da Clorox, ruwan bilic ɗin nan, ban ga canji ba. (Wata mai karatu, Rusaifa, Makka)

'Yar'uwa, ba datti ne irin wanda Clorox yake ci ba, maiƙo ne. Hayaƙin turaren wuta yana ɗauke da mai da ƙaro, yana tashi sama ya sauka a kan fenti, ƙura ta zo ta manne a kai. Maganin maiƙo kuwa sabulu ne.

Fara da share ƙurar a bushe, daga saman ƙyauren, inda ake mantawa, zuwa kwarin zanen jikinsa, da tsohon buroshin fenti. Wanda ya sa jiƙaƙƙen tsumma a kan ƙura taɓo ya kwaɓa. Sai ki zuba cokalin shayi 1 na sabulun ruwa na wanke-wanke a lita 1 ta ruwan ɗumi. Ki tsoma tsumma mai laushi, ki matse shi har ya daina ɗiga ko da an murɗa, ki goge yanki-yanki, kina bi da wani tsumman na ruwa zalla, sannan busasshe. Kada ki bar wuri ya bushe da kansa, zai yi zane. Inda danƙon ya yi kauri, ki kwaɓa bekin soda cokali 2 da ruwa cokali 1, ki shafa a hankali da yatsa cikin tsumma, bayan kin gwada a bayan ƙofa kusa da pata. Farin soson nan da ake kira na sihiri yana fitar da tabo, amma kankara yake yi, yana kashe ƙyallin fenti. Soson ƙarfe kuwa kada ya kusanci ƙofa.

In kin wanke maiƙon ya fita amma launin yana nan, to fentin ne da kansa ya tsufa. Farin fenti mai mai yana komawa rawaya da shekaru, ya fi yi a lungun da haske ba ya shiga, kuma wanki ba ya dawo da shi, sai sabon fenti.

Tunda kin ambaci Clorox, ga abin da ba ma gajiya da faɗa: kada a taɓa haɗa shi da Flash na wankin masai, ko da ruwan khal, ko a bokiti ko a kan tayil. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, a banɗaki rufaffe kuwa tana iya kayar da mutum. Kaskon turaren kuma a riƙa ajiye shi tsakiyar ɗaki, ba a bayan ƙofa ba.

Ƙofar ɗakina tana ƙara duk lokacin da na fita sallar asuba, tana tayar da abokan zamana. Na ɗiga man girki ta yi shiru, bayan wata guda ta dawo fiye da da. (Wani ɗalibi, Madina)

Malam, man girki yana daskarewa ya zama danƙo, ya kama ƙura, ƙurar kuma ta riƙa cin ƙarfen. Sai an fara wanke shi. Duba patar, wadda masu shago a nan suke kira mufassala. Idan tsinken tsakiyarta mai fita ne, ka rufe ƙofar, ka sa ƙusa daga ƙasa ka buga da guduma ya taso, ka zare shi. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, kada ka zare duka lokaci guda ƙofar ta faɗo maka. Goge shi da tsumma da ɗan WD-40, feshin nan mai sassauta tsatsa, in da tsatsa ka bi da samfefa mai laushi, ka shafa masa giris kaɗan ko bazilin, ka mayar. Idan mai ƙwallayen ƙarfe ce wadda tsinkenta ba ya fita, ka fesa WD-40 ya wanko dattin, ka goge, washegari ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo 2 a kowace gaɓa, ka buɗe ka rufe kamar sau 10. WD-40 wanki yake yi, ba ya daɗewa, shi ya sa ba a tsayawa a kansa.

Ƙofar falona tana jan ƙasa, harshen kubar kuma ba ya shiga raminsa sai na ɗaga ta. Kafinta ya ce a kankare ƙasan. In yarda? (Wani magidanci, Riyad)

Alhaji, dakata tukuna. Abin da aka kankare ba ya dawowa, kuma alamun da ka faɗa ba na kumburi ba ne, na sakkowa ne. Riyad busasshen gari ne, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana, katako a nan tsukewa yake yi, ramin sukuru ya yi yawa. Rufe ƙofar ka dubi tazarar da ke tsakaninta da firam. Ya kamata ta zama kamar milimita 3 ko'ina. In ta buɗe daga sama ta ɓangaren hannu, ta matse daga ƙasa, patar sama ce ta saki, domin ita take ɗauke da jan nauyin ƙyauren.

Buɗe ƙofar, ka cusa kwali ko littafi a ƙarƙashinta ya tallafe ta, ka ɗaure sukurorin da sukundireba ta hannu. Wanda yake juyawa ba ya kamawa, ka cire shi, ka tsoma tsinken sakace 4 ko 5 a gam ɗin katako ka cika ramin, ka karya abin da ya yi saura, ka bari ya kwana, sannan ka mayar da sukurun. Kana iya sa wanda ya ɗan fi tsawo, amma kada ka wuce kaurin firam ɗin. Bayansa bulo ne da siminti, dogon sukuru ba abin da zai kama, sai dai ya turo firam ɗin.

Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da harshen kuba wurinsa. In bai dawo ba, shafa jan-baki a bakin harshen, ka rufe ka buɗe, tabon zai nuna maka inda yake bugun farantin ƙarfen da ke jikin firam. Saɓanin milimita 1 ko 2 magagari zai gyara. Fiye da haka sai an matsar da farantin. Kankara ita ce ta ƙarshe, kuma duk inda aka kankare a shafe shi da fenti a ranar.

Yara sun zane ƙofa da biro, sun manna sitika, ni kuma na taɓa ta da lalle a hannu. (Wata mahaifiya, Makka)

Biro da maka suna fita da sanitaiza a jikin auduga, amma a kan ƙofa mai leda kawai. A kan katako mai banish sinadarin yana iya narkar da shafen ya bar farin tabo, kamar yadda fesa turare kusa da ƙofa yake yi, don haka a gwada a ɓoyayyen wuri. Sitika a hura mata zafi da na'urar busar da gashi na daƙiƙa 30, a ɗaga da tsohon katin roba, danƙon da ya rage a murza shi da ɗigon man girki a wanke da sabulu. Lalle in ɗanye ne a ɗauke shi da katin, kada a goga ya bazu. In ya riga ya kama farin fenti, a gwada kwaɓin bekin soda. Abin da ya rage bayan haka sai ɗan fenti.

Makulli yana cijewa, hannun ƙofar kuma yana lilo. (Wani mai karatu, Jidda)

Kada ka ɗura mai a ramin makulli, da ƙurar ƙasar nan zai zama laka ya toshe 'yan ƙarafan ciki. Goga bakin fensir a haƙoran makullin har su yi baƙi, ka sa ka zare sau da yawa. Hannun kuwa, leƙa ƙarƙashin wuyansa, akwai ɗan sukuru da ake ɗaurewa da alanki. In ka ɗaure amma hannun ba ya komawa sama da kansa, sifirin ne ya karye, a hannun ko a cikin kubar, wadda ake kira kailun a shagunan nan. Kwance ta ka tafi da ita shago, domin tazarar da ke tsakanin ramin hannu da na makulli ba ɗaya ba ce a kowace kuba. A gidan da ke da ƙananan yara, a zare makullan ɗakuna daga ciki a rataye su sama.

Ina ganin wani gari a gindin firam, in na share gobe ya dawo. (Wani dattijo, Jizan)

Baba, dubi garin da kyau. In mai laushi ne kamar fulawa, kuma akwai 'yan ramuka kamar na allura a jikin katakon, ƙwaron katako ne, ana ɗura masa magani a ramukan da sirinji, ko a sauya guntun da ya ci. In kuwa ka ga hanyar ƙasa a manne da bango ko firam, ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, gara ce, wadda Larabawa suke kira arda, kuma yankinku mai zafi da danshi wurinta ne. Fesa maganin sauro yana kashe waɗanda suka fito ne kawai, gidansu yana cikin ƙasa. Kada ka rushe hanyar, ka bar ta masu feshi su ga inda ta fito, domin sai sun huda tayil a gindin bango sun ɗura magani. A nemi inda ruwa yake yoyo kusa da wurin a gyara, danshi ne yake kiranta. Sabon firam kuma kada a kafa shi sai bayan an yi maganin. In gidan haya ne, ka ɗauki hoto ka sanar da mai gidan a rubuce tun yau, ka kuma duba abin da yarjejeniyarku ta Ejar, wato takardar hayar da aka yi wa rajista, ta ce a kan gyara kafin ka fitar da riyal ɗaya daga aljihunka.