Filin Tambaya da Amsa: Makonnin Farko a Jami'ar Oxford

Tambaya: Malamai, Allah Ya ƙara sani. Na samu gurbin digiri na biyu a Oxford, zan fara a watan Oktoba, biza ma ta fito. Yaushe ya kamata in sauka, kuma da me zan fara?

Amsa: Malama, Allah Ya sanya albarka. Fara duba ranar da bizarki za ta fara aiki. Ga karatun da ya haura wata 6, ana yarda ɗalibi ya shiga Birtaniya har wata ɗaya kafin a fara darasi, amma in kika riga ranar da ke kan bizar ba za a karɓe ki a matsayin ɗaliba ba. Tun ƙarshen 2024 aka daina aiki da katin BRP, wato katin shaidar izinin zama, izinin ya koma intanet, cikin asusunki na UKVI, hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya. Idan kin sake fasfo ba ki sa sabuwar lambar a asusun ba, tun wurin hawa jirgi za ki sha tambayoyi.

Daga filin jirgin Heathrow akwai bas kai tsaye zuwa tashar Gloucester Green a tsakiyar Oxford, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Ki nufi kwalejinki, don jami'ar ba harabar guda ba ce, kwalejoji ne sama da 30 a warwatse cikin gari. Masu tsaron ƙofar kwaleji su za su ba ki makulli, a wurinsu kuma wasiƙunki za su riƙa sauka.

Abin da muka fi so ki riƙe shi ne jerin abubuwan, don kowane yana jiran na gabansa. Ki kammala rajistar jami'a a intanet tukuna. Sai kwaleji ta duba fasfonki da bizarki, ta miƙa miki katin jami'a, wanda da shi ake shiga ɗakunan karatu da yawancin gine-gine. Bayan nan ne za ki iya fitar da takardar shaidar zama ɗaliba mai ɗauke da adireshinki, ita banki ke nema kafin ya buɗe asusu. Mai zuwa banki kafin rajista hannu rabbana yake dawowa. Ki zo da ɗan kuɗi ko katin da ke aiki a waje, ya riƙe ki mako biyu zuwa uku. Rajista da likita kuwa a makon farko na zuwanki ake yi, kada ki jira ciwo. Kin riga kin biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara.

Duk wannan a makon ƙarshe kafin a fara darasi ya kamata ya ƙare. Zango uku ne a shekara, Michaelmas da Hilary da Trinity, kowane mako 8 kacal. Wanda ya ɓata mako biyu yana faɗi-tashin takardu, kashi ɗaya cikin huɗu na zangon ya wuce shi.

Tambaya: An ce akwai bikin rantsar da sababbin ɗalibai da tufafi na musamman. Ni ina sa hijabi, yaya ke nan?

Amsa: Hankalinki ya kwanta. Ana yin bikin a zauren Sheldonian ranar Asabar ta ƙarshen makon farko na zangon Michaelmas, 'yan mintoci ne, ana karanta kalaman karɓa da Latin. Wajibi ne, kwaleji ce ke kai ɗalibanta. Ana sa baƙin siket ko wando, farar riga mai kwala, baƙin ƙyalle a wuya, baƙin takalmi, da alkyabbar ɗalibai da hula mai kusurwa huɗu. Ƙa'idar ta yarda da ɗankwali ko hijabi saboda addini, sai dai ya zama baƙi. Ki adana kayan, da su ake shiga jarrabawa.

Tambaya: Zan iya ɗan taɓa aiki don rage tsadar rayuwa?

Amsa: Malam, biza ta ba ka awa 20 a mako lokacin zango, kuma ta hana sana'ar kai. Haura awannin nan karya sharaɗin biza ne, ba a ɗaukarsa da wasa. Ita jami'ar shawararta ga masu digiri na biyu na darussa kada su wuce awa 8, kuma muna ganin gaskiyarta, don karatun ba ya barin sarari.

Tambaya: Da gaske ne ba a aron littafi a Bodleian, babban ɗakin karatu na jami'ar?

Amsa: A tsohon ɗakin karatun, wanda aka buɗe a 1602, haka ne: a nan ake karantawa, a nan ake bari. Littattafai da yawa ma suna ma'ajiya a wajen gari, sai ka nema ta kwamfuta a kawo maka, galibi washegari, saboda haka ka nema tun kafin aikin ya matso. Na aro ka je ɗakin karatu na kwalejinka ko na sashenka, kuma ka je da wuri ranar da malami ya ba da jerin littattafai, don kwafin kaɗan ne.