Mahaifiyata Tana Karɓar Kemo, Yaya Haɗarin Korona Yake a Kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Innata tana da shekara 62, tana fama da sankarar mama da ciwon suga. Duk bayan sati uku muke kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo karɓar kemo, wato maganin sankara da ake ƙara mata ta jijiya. Ƙanena ya dawo daga tafiya da mura, gwaji ya nuna korona ce. Shin har yanzu cutar tana kisa? Ko mu dakatar da kemon tukuna? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ce.

Kada ku dakatar da kemon da kanku. Ku kira likitanta yau, ku gaya masa akwai mai korona a gidan. Idan ita ma ta kamu, yawanci ana ɗage zagaye ɗaya har ta warware, amma wannan hukuncin nasa ne. Sankarar da aka sake wa mara ba ta jira.

Korona ba ta tafi ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye ranar 5 ga Mayu 2023 matakin gaggawa ne kawai. Gaskiya ne cutar ta yi laushi bayan rigakafi da zuwan nau'in Omikiron, amma masu kansa, wato sankara, suna cikin waɗanda suka fi jin jiki a farkonta. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2020 kan masu kansa 928 da suka kamu ya nuna kashi 13 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30. Wani kuma a Birtaniya, kan mutum 800, ya gano cewa karɓar kemo a sati huɗu kafin kamuwa bai ƙara yawan mace-mace a fili ba. Abin da ya fi kashe su shi ne tsufa da wasu cututtukan da suke ɗauke da su.

Kuma ba duk kansa ce ɗaya ba. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu sankarar jini da ta ɓargo da ta kaluluwa, saboda ciwon yana cikin garkuwar jikin kanta. Sai masu sankarar huhu, da wanda ciwonsa ya bazu, da wanda ya raunana har yake wuni kwance. Wanda aka yi wa ƙarin rituksimab ma, maganin da ake ba wasu masu sankarar jini da ta kaluluwa, jikinsa kan yi wata shida ko fiye bai amsa rigakafi yadda ya kamata ba. Sankarar mama da ba ta bazu ba tana ƙasa da waɗannan. Abin da ya fi damuna game da Inna shi ne shekarunta da sugan, sai kuma ranar da take ciki a zagayen kemo.

Ki ɗauko katin asibitinta ki ƙirga. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan kemo ne fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙar cuta, suke yin ƙasa sosai. A wannan tsakanin, zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi ba abin jira ba ne, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce maleriya ce, a aika yaro kemis, a haɗa mata da farasitamol. Zafi zai sauka, hankalin kowa ya kwanta, alhali ƙwayar cuta na yawo a jini. A asibiti ana so a auna jininta, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa guda da isowa, a yi gwajin maleriya da na korona tare.

Ku nemi ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin. Ku duba sau uku a rana, tana zaune, hannunta da ɗumi. Daga 95 zuwa sama lafiya. 93 ko 94 ku kira likita. 92 zuwa ƙasa ku kama hanya. Sai dai na'urar kan ƙara wa mai baƙar fata maki, baƙin lalle a yatsa ma kan rikita ta. Don haka idan Inna tana haki, ko ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya, ko ta fara ruɗewa, kada lamba ta ruɗe ku. Haka kumburin ƙafa ɗaya ko ciwon ƙirji: kansa da korona kowacce tana sa jini ya daskare, balle sun haɗu.

Kada a saya mata deksametason a kemis. Amfaninsa ga wanda ya kai ga buƙatar oksijin ne, miligiram 6 a rana har zuwa kwana 10, a gadon asibiti. A farkon ciwo babu abin da zai yi sai ƙara danne garkuwa da tayar da suga. Maganin korona na Paxlovid kuwa sai an fara shi cikin kwana 5 da bayyanar alamu, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma yana karo da magungunan kansa da dama, don haka ku tafi da ledar magungunanta gaba ɗaya likita ya gani.

A gida, ƙanenki ya koma ɗakinsa na aƙalla kwana 5, ya sa takunkumi zuwa kwana 10, kada ya shiga gaida Inna. Ya gaishe ta daga tsakar gida. A buɗe tagogi ko da ƙurar hunturu. Masu dubiya, na san da nauyi a hana su, amma a shimfiɗa musu tabarma a waje. Idan Inna ba ta yi rigakafin korona ba, ki tambayi likitanta ranar da ta dace tsakanin zagaye biyu, kuma manyan gidan su ma su yi.